Ƙauyen da ba ɗan sanda, ba kurkuku: abin da na gani wurin mutanen Phnong a Kambodiya

Ɗan_Gaya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Waɗanda suka san ni sun san shekarata uku ke nan ina koyar da lissafi a Phnom Penh, babban birnin Kambodiya. Hutun da ya wuce wani abokin aikina ya gayyace ni garinsu a lardin Mondulkiri, can gabashin ƙasar, kan iyaka da Biyetnam. Tafiyar kusan awa shida ce a mota zuwa Sen Monorom, hedikwatar lardin, daga nan muka hau babur muka bi jar ƙasa cikin tuddai. Shi ɗan ƙabilar da mutanen birni ke kira Phnong ne. Kwana biyar na yi, kuma tun da na dawo abu ɗaya ke yi mini yawo a kai.

A rana ta biyu aka yi shari'a a gabana. Akwai wasu manyan itatuwa a dajinsu da ake fafe wa rami a gindi, a ɗan kunna wuta a ciki, bayan 'yan kwanaki wani ƙaro mai ruwa-ruwa ya taru, a kwashe a sayar. Da shi ake liƙe kwale-kwale kada ya yi yoyo. Kowace bishiya da mai ita, alhali ba shinge, ba takarda. Wanda ya fara fafe ta shi ne mai ita, 'ya'yansa su gada. To wani saurayi ne ya je ya kwashe ƙaron bishiyoyin wata tsohuwa ya sayar.

Aka taru a gidan wani dattijo. Jinkar ɗakin ta sauko har kusan ƙasa, sai ka sunkuya za ka shiga, ba taga, wuta na ci a tsakiya, hayaƙi ya mai da ciyawar rufin baƙa ƙirin. Rumbun shinkafa na cikin ɗakin daga sama, manyan tuluna jere a jikin bango. Kowane ɓangare da mai magana da yawunsa. Tun la'asar ake yi har bayan isha, ban ji wanda ya ɗaga murya ba. Daga ƙarshe aka ce yaron ya mayar da kuɗin ƙaron, ya kawo ɗan alade guda da tulun giyar shinkafa. Tarar kuma ba ta shiga aljihun kowa ba. A nan aka yanka, aka dafa, kowa ya ci, tsohuwar da yaron suka zuƙi giyar daga tulu ɗaya da siririn bututun gora. Abokina ya ce mini daga wannan daren, duk wanda ya sake tayar da maganar shi ne mai laifi.

Tambayata ga zaure: doka irin wannan da ba a rubuce take ba, me ke riƙe ta? Tsoron iskoki ne, ko kunya, ko don ƙauyen ƙarami ne kowa ya san kowa? Kuma za ta rayu idan dajin ya ƙare? Na tambaya ne don a hanya na ga gonakin roba iya ganin ido a inda abokina ya ce yana yaro kurmi ne.

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Sannu da hanya Malam. Ni tambayata ta farko, kai me ka ci a wurin? Alade da giya fa ka ce.

Ɗan_Gaya:
Hajiya, tun kafin mu isa abokina ya gaya musu ni Musulmi ne. Sun san Musulmi, don akwai 'yan ƙabilar Cham da suka zo lardin neman ƙasar noma. Ba wanda ya matsa mini. Mahaifiyarsa ta cusa gauta da ganyaye da barkono a cikin gora, ta jingina ta a bakin wuta har suka nuna, ta kirɓa su da sanda a cikin gorar, ta zuba mini a kan shinkafa. Da shi na rayu, da kifi da ayaba.

Mai_Bin_Tarihi:
Gyara kaɗan, ɗan'uwa. Su kansu Bunong suke kiran kansu. Kalmar Phnong a bakin Khmer, wato ƙabila mafi rinjaye a ƙasar, ta daɗe tana ɗauke da raini, kamar a ce mutumin daji wanda bai waye ba. Gara mu kira su da sunan da suke so. 'Yan'uwansu na tsallaken iyaka a Biyetnam su ake kira Mnong, harshensu kusan ɗaya ne. A ƙidayar 2008 Bunong na Kambodiya ba su kai dubu 40 ba, amma su ne ƙabilar asali mafi girma a Mondulkiri.

Ɗan_Gaya:
Gaskiyarka Malam, na karɓi gyara. Abokina ma Bunong yake cewa. Na sa Phnong a kan maganar ne don shi aka fi samu idan mutum ya bincika.

Baba_Ɗanjuma:
Ɗana, abin da ka ba da labari bai zama baƙo a kunnena ba. Na haura saba'in, kuma na tashi a ƙauyen da Maguzawa ke maƙwabtaka da mu. In shanu suka yi ɓarna a gona, ba mai zuwa birni. Mai unguwa da dattawa za su je su ga ɓarnar da idonsu, su ƙiyasta dami nawa ne, a biya, a raba goro, magana ta mutu. Ɗorawa da rimi da tsamiya duk da masu su, ko da suna cikin gonar wani. Ka tambayi me ke riƙe dokar. Ni a ganina buƙata ce. Wanda ka ɓata wa yau, shi za ka nema gobe ranar gayya, shi zai haƙa kabarin mahaifinka. Mutumin da ba shi da inda zai gudu dole ya zauna lafiya da mutane. Da mota ta shigo, yaro zai iya yin laifi da safe ya kwana a Kano, daga nan maganar dattawa ta fara sauƙi.

Malam_Habu_Zariya:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Sai dai ina so mu yi hattara. Yankan da aka yi a wannan zama ba liyafa ba ce kawai, na tabbata akwai kiran iskoki a ciki. Wannan a wurinmu shirka ce, kuma bai kamata mu yi ta yabo har mu manta da hakan ba. Sulhu alheri ne, Alƙur'ani ya faɗa, amma muna da namu tsarin.

Ɗan_Gaya:
Allah ya gafarta Malam, haka ne, akwai kiran. Kafin a ci, wani dattijo ya yi ta magana ƙasa-ƙasa a kan tulun, abokina ya ce yana sanar da iskokin wurin da kakanni cewa an shirya. Ban kawo labarin don a kwaikwayi ibadarsu ba. Abin da ya tsaya mini shi ne an zalunci tsohuwa, kuma kafin gari ya waye an mayar mata da haƙƙinta ba ta kashe ko sisi ba.

Malam_Habu_Zariya:
To a kan wannan ba mu da saɓani. Zalunci haramun ne a kan kowa, Musulmi ko wanda ba Musulmi ba. Kuma malamanmu na Malikiyya sun ba al'ada matsayi a hukunci matuƙar ba ta saɓa wa nassi ba. Na dai so a bambance ne.

Auwal_Fagge:
Ni fa ina da ja. Kwana biyar ka yi, ka ga shari'a ɗaya da ta ƙare lafiya. Ina labarin wanda ba shi da alade? Ina labarin wanda dattawan ba sa ƙaunar danginsa, wa zai ɗaukaka wa ƙara? Kuma jaridun Kambodiya sun sha kawo labarin mutanen da aka zarga da maita a ƙauyukan tuddan nan, aka kore su, wasu ma aka kashe. Dokar da ba a rubuce ba tana da daɗi ne idan kana cikin waɗanda ake so. Mu ma nan mun ga yadda ake yi wa tsofaffin mata idan yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci sunansu. Kada nisa ya sa abu ya yi mana kyau.

Ɗan_Gaya:
Auwal, ba zan musa maka ba. Na tambayi abokina maganar maita, fuskarsa ta canza, ya ce abu ne da ba a son tayarwa, kuma ya san gidan da ya tashi daga wani ƙauye saboda haka. Game da wanda ba shi da abin biya, ya ce dangi ne ke haɗawa, don laifin mutum ɗaya na gidansu ne gaba ɗaya. Amma wanda ba shi da dangi masu ƙarfi, ka ga an dawo kan maganarka. Kisan kai da manyan laifuka kuwa yanzu hukuma ake kai wa.

Ummu_Sadiq:
Malam Ɗan_Gaya, na lura mai ƙarar mace ce, kuma ita ke da bishiyoyin. Yaya matsayin mata yake a wurinsu? A dattawan akwai mace?

Ɗan_Gaya:
Waɗanda suka yanke hukuncin maza ne, Hajiya. Amma gida na mace ne. Idan aka yi aure, miji ne ke tarewa gidan iyayen matar, ya yi musu noma, kuma dangantaka ta wajen uwa ake bi. Tulunan nan da na ce, da wasu faya-fayan tagulla da suke bugawa a biki, guda shida a jeri kowanne da muryarsa, su ne dukiyar gida, kuma a hannun mata na ga ana adana su. Tsohon tulu ɗaya a da ana iya musayarsa da ɓauna. A zaman shari'ar ma matan na zaune a bayan wuta, kuma sau biyu na ga dattijo ya juya ya tambayi wata tsohuwa wanda ya fara fafe wata bishiya. Ita ce ta tuna.

Zainabu_Agadas:
Wannan na miji ya tare gidan mata ya tuna mini da Buzayenmu, inda tanti na mace ne. In aure ya mutu, namiji ne ke ɗaukar takobinsa ya fita.

Isufu_Maraɗi:
Ni manomi ne, don haka gonar nake son ji. Me suke shukawa, kuma gonar ta wa ce?

Ɗan_Gaya:
Malam Isufu, shinkafar tudu ce abincinsu. Gonar suna kiranta mir. A sassabe wani yanki na daji da rani, a bar shi ya bushe, a sa wuta, ruwa na sauka a shuka. Maza na tafe da sanduna suna huda ƙasa, mata na biye suna zuba iri. A gona ɗaya za ka ga shinkafa, masara, kabewa, gauta, barkono, rogo, ayaba. Bayan 'yan shekaru ƙasa ta gaji, a bar ta saura ta koma daji, a matsa gaba, sai an daɗe a dawo. Ƙasar ta ƙauye ce, amfanin na wanda ya noma. Abin da ya fi burge ni girbi: ba sa sa lauje a wannan shinkafar. Da hannu ake tsage ƙwayar daga zangarniya a zuba a kwandon da ke ɗaure a ƙugu. Sun ce shinkafa na da kurwa, ƙarfe na firgita ta. Na gwada, kafin rabin awa tafin hannuna ya yi ja.

Kafin a sassabe wuri kuma sai an nemi izini. A ɗan share kaɗan, a koma gida a kwana, in mafarki ya yi muni a bar wurin. Akwai kuma dajin da ba a taɓawa sam, na iskoki, da wanda ake binne matattu.

Mai_Bin_Tarihi:
A kan wannan akwai wani abu mai kyau. Wani Bafaranshe mai nazarin al'adu, Georges Condominas, ya zauna a ƙauyen Sar Luk na Mnong a Biyetnam a 1948 da 1949. Ya tarar ba sa ƙirga shekaru da lamba. Sai su ce shekarar da muka ci dajin wuri kaza, wato shekarar da suka sassabe shi suka noma. Ka ga dajin shi ne kalandarsu. Haihuwa, aure, mutuwa, bashi, duk da sunan wani yanki na daji ake tuna su. To wannan ya taɓo tambayarka ta biyu, Ɗan_Gaya.

Injiniya_Kabiru:
Ku yi haƙuri, amma sassabe da ƙona daji ai shi ne ke cinye dazuzzuka. Ba za a ce kamfani ne kaɗai mai laifi ba.

Isufu_Maraɗi:
Injiniya, ya danganta da yawan mutane da tsawon hutun da ake ba ƙasa. In mutane kaɗan ne, daji da faɗi, saura na samun shekara goma ko fiye, daji na dawowa. Matsala na farawa ne idan aka ƙwace rabin ƙasar, dole manomi ya riƙa komawa wuri ɗaya kafin ta huta. Mu nan Maraɗi mun ga abin da mallakar itace ke yi. Lokacin da manomi ke ganin itacen gonarsa na gwamnati ne, sare shi yake yi tun yana ƙarami. Da aka fara sassaben zamani a shekarun 1980, wato barin tohon itace ya girma a gona, mutane suka tabbata gawon da suka kula da shi nasu ne, sai ga gonaki sun cika da itace. Wanda ke samun kuɗin ƙaro daga bishiya duk mako ba zai so a sare ta ba. Masu ƙaron nan su ne masu gadin dajin, ko ba a biya su ba.

Barista_Hauwa:
Bari in shigo ta ɓangaren doka, don na taɓa karanta tsarinsu lokacin da nake nazarin mallakar ƙasa ta gargajiya. A takarda Kambodiya ta yi abin a yaba. Dokar ƙasa ta 2001 ta amince ƙabilun asali su mallaki ƙasa a matsayin al'umma, har da saurar da aka bari ta huta. A 2009 aka fitar da ƙa'idar yin rajista. Sai dai hanyar doguwa ce: ma'aikatar raya karkara ta tabbatar ku ƙabilar asali ne, ma'aikatar cikin gida ta yi muku rajista a matsayin ƙungiya, sannan ma'aikatar ƙasa ta auna ta ba da takarda. Shekaru ake yi, da kuɗi mai yawa. Ƙauyen Bunong na Andoung Kraloeng ya samu tasa a 2012, yana cikin na farko-farko. Amma cikin al'ummomi sama da 400 a ƙasar, waɗanda suka samu 'yan gommai ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙa'idar ta ƙayyade dajin iskoki kada ya wuce hekta 7, na maƙabarta ma hekta 7. Mutanen da tudu sukutum ke da alfarma a wurinsu an ce su tsakuro hekta 7. Kuma kafin a ba su takardar sai sun rubuta dokokinsu na cikin gida sun kafa kwamiti. Daga nan an samu shugabanni iri biyu a ƙauye: dattijon da ya san tarihin kowace bishiya amma bai iya karatun Khmer ba, da matashin da ya iya cike takarda.

Auwal_Fagge:
To Barista, ai rubutawar ita ce maganin abin da na faɗa. In an rubuta, ba mai murɗa hukunci don son rai.

Barista_Hauwa:
Tana maganin wani abu, Malam Auwal, tana kuma kashe wani. Dattawan da Ɗan_Gaya ya gani sun yi awa biyar suna magana ne don su auna yaron, da halin gidansu, da abin da tsohuwar za ta iya yafewa. In ka rubuta cewa satar ƙaro tararta kaza, ka samu daidaito, amma zaman nan na awa biyar ya zama ba dole ba, alhali shi ne ke gyara zumuncin. Ni lauya ce, da rubutacciyar doka nake ci, amma na ga 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya sun shekara tara a kotu kan gonar gado, aka yanke hukunci daidai, har yau ba sa gaisawa.

Mai_Bin_Tarihi:
Kada a ɗauka yau ne aka fara gwada wannan al'ada. Zamanin mulkin Faransa wani shugabansu, Pa Trang Loeng, wanda a Biyetnam ake kira N'Trang Lơng, ya jagoranci tawaye. A 1914 suka kashe jami'in Faransa Henri Maitre, kuma ba a murƙushe su ba sai 1935. Lokacin yaƙin Biyetnam jiragen Amurka sun yi ruwan bama-bamai a yankin saboda hanyar da mayaƙan Biyetnam ke bi ta cikinsa. Sai 'yan kwaminisancin Khmer Rouge, waɗanda suka riƙe ƙasar daga 1975 zuwa 1979. Su suka kwashe mutanen tuddai suka tara su a gundumar Koh Nhek da ke arewacin Mondulkiri don noman shinkafar fadama, suka hana bukukuwa da yanke-yanke, tuluna da faya-fayan tagulla da yawa suka salwanta. Duk da haka da aka sake su, suka koma tuddansu suka ci gaba da al'adarsu, don dajin na nan yana jiransu. Abin da ke faruwa yanzu ya bambanta da waɗancan ta nan, don dajin ne kansa ke ƙarewa.

Ɗan_Gaya:
Wannan ita ce maganar da mahaifin abokina ya yi mini, kusan kalma da kalma. Ya ce a Koh Nhek ya rasa 'yan'uwa biyu, amma da ya dawo ya tarar da bishiyoyin ƙaron mahaifiyarsa a tsaye. Yanzu kuwa ya nuna mini wani fili da hannu, ya ce a nan suke.

Barista_Hauwa:
Misalin da aka fi sani shi ne yankin Bousra a Mondulkiri, inda shahararren magangarar ruwan nan take. Daga 2008 aka ba kamfanin roba na Socfin-KCD dubban hektoci a can. A ƙarshen 2008 ɗin mutanen suka yi bore har aka ƙona motocin aiki. A 2015 wasu manoman Bunong suka shigar da ƙarar rukunin kamfanonin Bolloré, wanda a lokacin yake da hannun jari a Socfin, a kotun Nanterre a Faransa, wasunsu ma suka je har can a 2019. A 2021 kotun ta ƙi sauraron ƙarar, bisa dalilin cewa ba su kawo takardun da ke nuna haƙƙinsu a kan ƙasar ba. Ku duba fa: tsohuwar da ke bayan wuta ta isa shaida a ƙauye, a Nanterre kuwa takarda ake tambaya.

Baba_Ɗanjuma:
'Yata, wannan ai ciwonmu ne. Tun dokar ƙasa ta 1978 da ta sa ƙasa a hannun gwamna, gonar da kakanka ya sassabe sai wani ya zo da takarda daga birni. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dakta_Nura_Dabbobi:
Ba wanda ya yi maganar giwaye, kuma da su aka fi sanin Bunong. Ɗan_Gaya, ka ga giwa?

Ɗan_Gaya:
Na ga guda ɗaya, Dakta, tsohuwa, ta haura shekara hamsin. Gidaje da yawa ne suka haɗu a kanta, kowa da kwanakinsa. A da daga daji suke kamo 'ya'yan giwa su horar, su yi jigilar shinkafa da ƙaro da katako. Yanzu an hana kamu. Su kuma a al'adarsu ba a barin giwayen gida su hayayyafa sai an yi musu biki kamar na aure, mai tsada ƙwarai, don haka na gida ƙarewa suke yi ɗaya bayan ɗaya. Giwar ma na cikin doka: sun yi imani in wani a gidan masu ita ya yi lalata a ɓoye, ko budurwa ta yi ciki ba aure aka rufe, giwar ce za ta kamu da ciwo ko ta fusata. Sai an fito an faɗa, an biya tara, an yi yanka.

Dakta_Nura_Dabbobi:
A likitance dai ciwon giwa daga abinci ne, ko tsutsar ciki, ko yawan aiki da ɗaukar masu yawon buɗe ido a baya. Amma na fahimci abin da imanin ke yi: ya sa laifin ɓoye ya zama na kowa, tunda dabbar ta kowa ce. Akwai wuraren da aka buɗe kusa da Sen Monorom inda ake barin giwayen su yi kiwo a daji, baƙi su bi su a ƙasa suna kallo, masu giwar a biya su. A ganina ya fi wa dabbar.

Ummu_Sadiq:
Ni wannan na ciki ba aure ya tsaya mini a rai. Yarinyar kaɗai ake ci tara ko har da namijin?

Ɗan_Gaya:
Yadda abokina ya gaya mini, su biyun ne da danginsu, kuma nauyin ya fi a kan namijin. Ban ga irin wannan zaman da idona ba, ji na yi.

Injiniya_Kabiru:
Na karɓi bayanin Malam Isufu. Amma har yanzu ina cewa mutanen nan na buƙatar asibiti da makaranta da lantarki. Madatsar ruwa ta Lower Sesan 2 a lardin Stung Treng megawat 400 take bayarwa, an buɗe ta a 2018. Ƙasa ba ta ci gaba da ƙaro.

Barista_Hauwa:
Injiniya, madatsar da ka ambata ita ce ta shanye ƙauyen Bunong na Kbal Romeas a 2017. An gina musu sabbin gidaje a wani wuri, amma gidaje da dama suka ƙi zuwa, suka matsa kan tudu kusa da tsohon garin, don kaburburan iyayensu na ƙarƙashin ruwan. Ba wanda ya ce kada a yi lantarki. A tambaye su tukuna, a kuma biya abin da ya dace.

Ɗan_Gaya:
Kuma ba gudun zamani suke yi ba, Injiniya. Abokina digiri gare shi. Kusan kowane gida da babur da waya, da yawa sun koma gidan katako mai rufin kwano, ana noman kashu da rogo da kofi don sayarwa. An ƙirƙiro wa harshensu rubutu da haruffan Khmer, yara na fara karatu da shi a wasu makarantu. Wasu sun shiga Kiristanci, kuma wannan ma ya kawo tambaya: wanda ya daina yanka wa iskoki, in aka ci shi tara, alade zai kawo ko kuɗi? Abin da na ga ya fi tayar wa dattawa hankali shi ne bashi. Ƙananan bankunan rance na karɓar takardar fili jingina, ita kuwa takardar al'umma ba a jinginar da ita, ba a sayarwa. Sai matashi ya ce a cire masa rabonsa ya yi takardar kansa. In rogo ya faɗi a kasuwa, filin ya tafi, baƙo ya shigo tsakiyar ƙauye, shi kuma maganar dattawa ba ta hau kansa ba.

Auwal_Fagge:
To ka ga amsar tambayarka ta farko ta fito daga bakin Baba tun ɗazu. Amma ni har yanzu ina tare da matashin nan. In ɗansa ba lafiya, asibiti na neman kuɗi, me dattawa za su ba shi?

Isufu_Maraɗi:
Tambaya ce mai nauyi, Auwal. A da amsar ita ce ɓauna da tulu da ƙaro, su ne asusun gida. Ɗan_Gaya, in ka koma ka tambayar mini, saurar tasu shekara nawa take samu yanzu kafin a dawo mata? Kuma irin shinkafar, nasu na gado ne ko na kasuwa suke saye?

Ɗan_Gaya:
Irin dai nasu ne, na ga mahaifiyarsa ta ware shi kala-kala a ƙananan kwanduna a saman rumbu, kowanne da sunansa. Na saurar ban tambaya ba. Sun gayyace ni bikin sabuwar shinkafa bayan girbi, wajen watan Disamba, in Allah ya kai mu zan tambaya. Yaron da aka ci tara ma shi ne ya ɗauko ni a babur zuwa Sen Monorom ranar da zan dawo, kuma a hanya ya tsaya ya sauke wa tsohuwar buhun gishiri da ta aike shi.

Ummu_Sadiq:
Allah ya kai mu. In ka je ka gaishe mini da mahaifiyar abokin naka, ka kuma tambayo mini sunan miyar gorar nan da yadda ake haɗa ta.